Ruwa a Zobe, Ƙishirwa a Gonar Tudu: Nazarin Manufofin Noma da Wadatar Abinci a Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Takardar nan ta ɗauki ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, a tsakiyar Jihar Katsina, a matsayin ma'aunin gwada manufofin gwamnati kan noma mai ɗorewa, wadatar abinci da jure wa sauyin yanayi. Abin da take son tabbatarwa shi ne, shekara 50 ke nan hukuma tana zuba ƙarfinta a kan abin da ake ginawa a yanke ƙyalle da abin da ake rabawa a ɗauki hoto, alhali abincin mutanen yankin yana rataye ne a kan abubuwan da ke son kulawar kullum: ƙarfin ƙasar gonar tudu, itatuwan da ke cikinta, zaman manomi da makiyayi, da hatsin da ke saura a rumbu idan bazara ta yi. An kafa hujja da tarihin madatsar ruwa ta Zobe, da binciken da aka yi a ƙasar Katsina da Zariya, da abin da manoman Maraɗi suka yi da gonakinsu.

Zobe da halin manufa

Duk mai son gane yadda gwamnati ke tunani a kan noma a wannan yanki, to ya fara da Zobe. A 1983, a ƙarshen mulkin Shugaba Shehu Shagari, aka kammala wannan madatsa a kan kogin Karaduwa, kudu da garin Dutsin-Ma, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ginin ƙasa ne mai tsawon mita 2,750 da tsayin mita 19, yana iya riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 170. An tare ruwan ne don a shayar da birnin Katsina da garuruwan da ke kan hanya, a kuma yi noman rani a kimanin hekta 8,000. Aikin ruwan sha da aka faro a 1992 sai a Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe kashinsa na farko, wato shekara 38 bayan tare kogin. Ɓangaren ban-ruwa kuwa bai taɓa kusantar hekta 8,000 ɗin nan ba. Noman ranin da ake gani a gefen tafkin da gangaren kogin, na tumatir da albasa da tattasai da alkama, galibinsa ƙoƙarin manoma ne da injinansu da tiyonsu da man da suka saya da kuɗinsu. A ƙasar da rana ke ɗauke kusan mita biyu na ruwa daga saman tafki a kowace shekara, jinkiri irin wannan asara ce da ake tafkawa kullum, ko da babu wanda ya rubuta ta a littafin kashe kuɗi.

Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin sakacin wata gwamnati guda. Hali ne da ke maimaita kansa. An yi shirin raya noma na Funtuwa da Bankin Duniya a 1975, an yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, da na juyin juya halin noma na Shagari a 1980, da shirin Fadama daga 1993, da rabon taki ta wayar salula a 2012, da bashin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, wanda ya ci fiye da naira tiriliyan ɗaya kafin Babban Banki ya janye hannunsa. A ranar 13 ga Yulin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci. Kowane ɗayansu ya zo da ganga, kowanne kuma ya bar wani abin kirki, sai dai abin da ya bari yakan mutu da zarar kuɗin da suka kawo shi sun ƙare. Dalilin yana cikin yadda ake tsara kasafi. Babban aiki yana da ɗan kwangilar da zai bi shi ofis-ofis har a saki kuɗinsa. Yashe magudanar ruwa, ko man babur ɗin malamin gona, ko gyaran ƙofar ruwa da ta yi tsatsa, ba su da mai tsaya musu. Ga kuma rabon hurumi da ke ƙara dagula lamari: madatsar ta tarayya ce, malaman gona na jiha ne a ƙarƙashin hukumar KTARDA, ƙaramar hukuma kuwa, wadda ta fi kowa kusa da manomi, ita ce ba ta da ta cewa. Idan ruwa bai isa gona ba, kowa yana da wanda zai nuna da yatsa.

Inda tuwon yake fitowa

A ce ma an kammala Zobe yadda aka zana ta. Faɗin Dutsin-Ma da Kurfi a haɗe ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,100, wato hekta 110,000. Hekta 8,000 ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. A ƙidayar 2006 Dutsin-Ma tana da mutum kimanin 170,000, Kurfi tana da kimanin 117,000, kuma jama'a ta ƙaru ƙwarai tun lokacin. Mafi yawansu, a Karofi da Kuki da Shema da Dabawa, a Birchi da Rawayau da Tsauri da Wurma, tuwonsu daga gonar tudu yake fitowa: gero da dawa da wake da gyaɗa, da masara inda ƙasa ta yarda, duk a cikin damina guda ta wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Saboda haka duk manufar da ke kiran kanta ta wadatar abinci, a wannan gona ya kamata a fara auna ta.

Sauyin yanayi a nan ba ƙarancin ruwa kaɗai yake nufi ba. Jimillar ruwan shekara a yankin Sahel ta farfaɗo idan aka kwatanta da farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Abin da ya canza shi ne yadda ruwan ke sauka. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manya-manyan hadura masu zubar da ruwa mai yawa a lokaci guda sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka da dama cikin dare ɗaya, irin wannan ruwan ne. Ga manomi ma'anar ita ce ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya ya kwashe saman gona, sannan ya ɗauke mako biyu ko uku bayan an yi shuka, ko ya yanke dawa tana cikin fitar da kai. Abin da ke raba gonar da ta tsira da wadda ta ƙone a irin wannan tsaiko shi ne yawan damshin da ƙasa za ta iya riƙewa. Ƙasar tudu a nan rairayi ce, kuma ruɓin tsirrai da kashin dabba da ke cikinta, wanda shi ne ke riƙe ruwa da abincin shuka, ya yi ƙasa sosai, domin an daina barin saura ta huta, kuma da an girbe ake kwashe kara da harawa don danni da girki da kiwo da kasuwa. Manomin bai jahilci haɗarin ba. Tun a shekarun 1960 da 1970 David Norman da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Noma ta Samaru suka nuna, da alƙaluman ƙauyukan Zariya, cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda masana na lokacin ke ɗauka ci-baya ne, ya fi shuka iri ɗaya riba da kuma tabbas. Abin mamaki, bayan shekara 50, yawancin tallafin gwamnati har yanzu a kan masara zalla ko shinkafa zalla ake ɗinka shi.

A nan ne ya kamata a duba maganar takin zamani da idon basira, tunda shi ne babban abin da manomi ke gani daga gwamnati. Don daminar 2025 Gwamnatin Jihar Katsina ta sanar da sayar da tan 20,000 a farashi mai rangwame, wato buhu 400,000. Ƙoƙari ne, kuma an yi dabarar kai shi har mazaɓu. Amma jihar tana da mazaɓu 361. Da raba daidai aka yi, kowace mazaɓa buhu 1,100 da 'yan kai za ta samu. Hekta ɗaya ta masara tana cin buhu 6 zuwa 8 bisa shawarar masana, ke nan rabon mazaɓa guda, mai dubban magidanta, ba zai ƙosar da hekta 200 ba. Ninka kasafin sau biyu ko uku ba zai sauya wannan lissafi da yawa ba. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2006 cewa za a kai kilo 50 na sinadarin taki a kowace hekta kafin 2015, Nijeriya mai masaukin taron ba ta kai ba har yau. Sannan ko buhun da ya isa gona ba ya biyan kuɗinsa a ƙasar da ta mutu: ruwa mai ƙarfi ya wanke shi ƙasa da saiwa, ko fari ya sa ya ƙone shukar, ko wuta-wuta ta shanye abin da dawa ta samu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Takin zamani yana aiki ne inda ya tarar da takin gargajiya. Binciken cibiyar ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, ya nuna cewa ɗan taki cikin murfin kwalba, a zuba a ramin shuka, yana ƙara amfanin gero sosai da kuɗi kaɗan. Wannan sani ne da ake kaiwa da baki da nuni a gona, ba a kai shi a tirela, shi ya sa bai samu gata ba.

Takin gargajiyar kuwa yana da tarihinsa, kuma tarihin ya haɗe da na tsaro. A da, idan an kawar da amfani, manomi yakan nemi Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar kashi, a sallame shi da damin gero ko dawa. Wannan ciniki shi ne babbar masana'antar takin ƙasar Hausa, kuma ba a taɓa ware masa kobo a kasafi ba. Yana tsaye ne a kan burtali da mashaya da makiyaya, irin dajin Runka, wato Ruma da Kukar Jangarai, da ke yamma da Dutsin-Ma da Kurfi, wanda aka keɓe don kiwo tun zamanin Gwamnatin Jihar Arewa. Da aka cinye burtali da noma, aka bar madatsun dajin suka lalace, satar shanu ta yi ƙamari, daji ya koma mafakar 'yan bindiga, sai wannan hulɗa ta yanke. Manomi ya sayar da shanun huɗa don gudun kada su jawo masa hari, ya bar gonar nesa ya matsa wa ta bayan gari. Matakan da hukuma ta ɗauka su ma sun taɓa noma ta inda ba a zata ba. Dokar da gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa a ƙarshen Agustan 2021 ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin da sayar da fetur a jarka, a Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da Kurfi. An yi don a toshe wa ɓarayi hanya, amma jarkar nan ita ce ke kai mai ga injin ban-ruwa, akuyar nan kuma ita ce asusun da mace ke fasawa idan hatsi ya ƙare.

Abin da ke bayan iyaka

Tafiyar 'yan sa'o'i arewa da Dutsin-Ma, Hausawa manoma a ƙasar da ruwanta bai kai na nan ba sun gwada wata hanya. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda dashen itatuwansa a Maraɗi ke ta mutuwa, ya lura cewa tsirran da manoma ke sarewa a lokacin sassabe tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse saura, cikin 'yan shekaru sai su zama bishiya, ba reno, ba ban-ruwa, ba shinge. Manoman can suka sa wa abin suna sassaben zamani. Masu bincike da suka gwama tsofaffin hotunan sama da sababbi sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, a jihohin Maraɗi da Damagaram. Jigon abin shi ne gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabba ne a tsakiyar rani. Kowane manomin Kurfi ya san geron gindin gawo daban yake. Darasin da ya shafi manufa shi ne, abin ya bazu ne lokacin da manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara ba idan ya sassare shi. Daga baya Nijar ta bi da dokar daji ta 2004 da wata doka ta 2020 da ta amince da haƙƙin mai reno. A namu ɓangaren an fi karkata ga dashe: shirin dashen itatuwa na Katsina da Tarayyar Turai ta tallafa tun ƙarshen shekarun 1980, da hukumar katangar itatuwa ta ƙasa da aka kafa da doka a 2015, yanzu kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Layukan bedi da aka dasa a arewacin jihar suna nan suna tare iska, ba a raina su ba. Amma rahoto yakan ƙirga tsirran da aka raba ne, ba ya komawa bayan rani uku ya ƙirga waɗanda suka tsallake bakin akuya. Kuma mai noma gonar aro ko haya ko jingina ba zai rena itacen da ba shi zai mora ba, lamarin da hakimai da dagatai suka fi kowace ma'aikata ikon warwarewa.

Daga kaka zuwa bazara

Wadatar abinci ba ta ƙarewa a bakin gona. A 1967 Polly Hill ta zauna a Batagarawa, maƙwabciyar Kurfi ta arewa, kuma littafin da ta fitar a 1972 ya bayyana wani zagaye da har yau bai karye ba: talakan manomi yana sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, don biyan bashi da hidima, rumbunsa ya ƙare kafin ruwa ya sauka, da damina ya tafi ƙwadago a gonar mai hali don ya sayi tiyar da ya sayar da rahusa, tasa gonar ta sha ciyawa, baɗi ya girbe abin da bai kai na bana ba. Michael Watts, wanda ya yi nasa binciken a Kaita ya wallafa a 1983, ya nuna cewa ko yunwar 1914 ba fari kaɗai ya haife ta ba, harajin Turawa da kasuwa da bashi ne suka mai da ƙarancin ruwa ya zama mutuwa. A garin Dutsin-Ma akwai rumbun ajiyar hatsi na gwamnatin tarayya, amma aikinsa na ƙasa baki ɗaya ne, ba ya taɓa wannan zagaye. A 2024, shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, abin da aka ba da umarnin fitarwa daga rumbunan ƙasa a Fabrairu tan 42,000 ne, ga al'ummar da ta wuce miliyan 200. A Yuli aka ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Farashi ya sauka a 2025, mutanen birni suka ɗan numfasa, manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da faɗuwa. A cikin watanni shida na farkon waccan shekarar ta sauƙin hatsi ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da rahoton mutuwar yara 652 a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa. Janyewar tallafin ƙasashen waje da rashin tsaro suna cikin dalilan, amma adadin ya isa shaida cewa cikar kasuwa daban, cikar tukunya daban. Maganin wancan zagaye na sayar da hatsi da kaka ma an gwada shi a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990: ƙungiyar manoma ta tara hatsi da kaka a ɗaki mai makulli biyu, ɗaya a hannunta ɗaya a hannun mai ba da rance, a karɓi bashi a kan hatsin, a yi sana'ar rani, a biya, a buɗe ɗakin da bazara. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke hana wake ƙwari ba tare da magani ba, ya riga ya shiga kasuwanninmu. Abin da ya rage tsari ne da amana da ɗan jari.

Amsa ga masu ja

Za a ce jama'a tana ƙaruwa, gonar gado tana tsukewa, ganyen gawo da murfin kwalba ba za su ciyar da jihar da ta haura mutum miliyan 5.8 tun 2006 ba. Ban-ruwa da injina ne mafita. Akwai gaskiya babba a nan, kuma takardar nan ba ta ce a bar Zobe ba. Noman rani yana ba matashi aikin da zai hana shi cin rani a Legas ko shiga daji, kuma kafa hukumar ban-ruwa ta jiha da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta yi mataki ne da ya dace. Tambayar ita ce wane irin ban-ruwa, kuma wa zai riƙe shi. Madatsar Bakolori ta nuna a Afrilun 1980 abin da ke faruwa idan aka shimfiɗa babban shiri a kan gonakin mutane ba da yardarsu ba, har aka zubar da jinin manoman da ke neman diyya. Shirin Fadama kuwa ya yi tasiri ne da ƙananan rijiyoyi da injin da manomi ke iya gyarawa a kasuwar garinsu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000, injin mai aiki da hasken rana ya zama abin da ya fi cancantar rance. A buɗe magudanan Zobe kashi-kashi, kowane kashi a hannun ƙungiyar masu shan ruwansa da ke karɓar kuɗin gyara, ya fi a jira wata babbar kwangila. Sannan tudu da tafki ba kishiyoyi ba ne. Yashin da ruwa ke kwasowa daga gonakin da ba itace a saman kogin, a cikin tafkin yake kwanciya, yana cin wurin ruwa shekara bayan shekara.

Ja na biyu ya fi nauyi: me ake da maganar itace da rumbu alhali manomi ba ya iya zuwa gona, wani wurin ma sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe? Ba mai musun cewa tsaro ne kan gaba, kuma rundunar tsaron al'umma da jiha ta kafa a Oktoban 2023 da zaman sulhun da ƙananan hukumomi da dama suka yi a 2025 duk neman hanyar gona ne. Sai dai jera su a ce tsaro tukuna, noma daga baya, ya manta da inda rikicin ya tsiro. Sulhun da bai fayyace burtali da mashaya da ranar sakin gona ba, ajiye makami ne na ɗan lokaci. Maido da cinikin kara da kashin shanu yana ba kowane ɓangare abin da zai rasa idan zaman ya lalace, kuma wannan ya fi rantsuwa a gaban jama'a ƙarko. Bayan haka, iyalin da aka tilasta wa barin gonar nesa ya dogara da 'yar ta bayan gida, shi ya fi kowa buƙatar wannan 'yar gonar ta ba da ninki.

Akwai kuma masu cewa manomi da bakinsa taki yake roƙo, ba wa'azin gawo ba, kuma ɗan siyasa mai shekara huɗu ba zai zuba kuɗi a abin da sai bayan ya sauka zai nuna ba. Manomi yana roƙon abin da ya san gwamnati ta saba bayarwa ne. Maganar shekara huɗu kuwa ita ce ainihin cutar, kuma ba a warkar da ita da yi wa 'yan siyasa nasiha. Sai an sauya abin da ake ƙirgawa a matsayin nasara.

A 2024 jihar ta ɗauki malaman gona 722, biyu a kowace mazaɓa, ta ba su babura. A ganina wannan ya fi duk taraktocin da aka jera a filin taro muhimmanci, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa, domin haka tsarin malaman gona na zamanin Bankin Duniya ya bushe a tsakiyar shekarun 1990 da rancen ya ƙare: ma'aikata suna nan, man zuwa ƙauye babu. Idan aikin waɗannan sababbi ya tsaya a rubuta sunayen masu karɓar taki, an mai da su akawu. Idan kuwa aka ɗora musu kai hasashen damina na hukumar NiMet ga manomi da Hausa kafin ya yi shuka, da gwajin iri mai saurin nuna kamar geron SOSAT a gonar wani da ƙauye ya yarda da shi, da koyar da sassaben zamani, da tsayawa a kan ɗakin ajiyar ƙungiya, to suna buƙatar layi tsayayye a kasafin yau da kullum wanda sauyin gwamnati ba zai share ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011 kuma take da tsangayar aikin gona, ita ce ta fi dacewa ta riƙe ma'aunin. Ta zaɓi ƙauyuka kaɗan a Dutsin-Ma da Kurfi, ta riƙa komawa gonaki guda da gidaje guda kowace shekara, tana auna ƙarfin ƙasa, da yawan itatuwan da ke raye a hekta, da watan da rumbun gida ya ƙare, da farashin tiya a Nuwamba da kuma a Yuli. Ta kuma shiga kwalekwale da ma'auni ta gano zurfin da ya rage wa tafkin Zobe bayan damina fiye da 40 na yashi, ta buga sakamakon da Hausa, ta aika wa majalisar dokokin jiha kafin a zauna kan kasafin baɗi.